DAGA TURU ZUWA ALLURAR WATA: TARIHIN MAGANIN TAƁIN HANKALI

Jama'a, rubutun nan yana da tsawo. Wanda yake kan aiki ya ajiye shi sai dare.

Duk sanda hukumar NDLEA ta baza hotunan kamen da ta yi a Kano ko Jigawa, cikin tulin tiramadol da kodin da wiwi ba ka rasa ganin wata 'yar ƙwaya da ake kira Exol-5. Nan da nan sai ka ji ana kiran a haramta ta kwata-kwata, wasu na cewa "ai ƙwayar mahaukata ce". Gaskiya ne matasanmu suna shan ta don su bugu, kuma ta lalata da yawa. Amma ba ita ce maganin haukan ba, rakiya take yi wa maganin. In ba ka san abin da take rakowa ba, ba za ka gane dalilin da ya sa wani bawan Allah a Roni ko Gwiwa yake shiga tashin hankali ranar da ya rasa ta ba. Shi ya sa na ga gara in koma baya in kawo tarihin maganin tun daga tushe, tare da na mutumin da ba a cika ambata ba in ana ba da labarin, wato ma'aikacin jinya.

Mu fara daga gida. Kafin zuwan asibiti, in mutum ya zautu hanyoyin da ake bi sanannu ne: a kai shi wurin malam a yi masa rubutu da tofi, ko wurin boka a yi turare, ko 'yan bori su ce iska ce sai an yi girka. In kuwa abin ya kai ga duka da fashe-fashe, sai turu. Yaran yanzu ba su san turu ba sai a baki. Gungumen icce ne ake fafewa, a zura ƙafar mutum a datse, nan zai ci nan zai kwana, wani wata da watanni, wani shekaru. Daga baya mari na ƙarfe ya karɓe shi. Ni dai ba na saurin zagin mutanen da a kan wannan. Ka ɗauka ɗanka ne, ƙato majiyin ƙarfi, ya kwana uku bai runtsa ba, yana jin muryoyi suna ce masa uwarsa ce ke son kashe shi, ga taɓarya a hannunsa. Babu allura, babu mota, babu likita tsakaninka da Kano. Me za ka yi? Rashin abin yi ne ya haifi turu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Alƙahira, babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali, ana ciyar da su ana duba su, amma a can ma akwai sarƙa. Turai kuwa ba a magana. A Landan har kuɗi mutane suke biya su shiga gidan mahaukata na Bedlam kallo, kamar gidan namun daji.

A Faransa akwai wani zane sananne da ke nuna likita Philippe Pinel yana ba da umarni a kwance wa mahaukata sarƙa, kuma littattafai da yawa shi suke yaba wa. Amma wanda ya kwance sarƙar a asibitin Bicêtre na Paris a 1797 ba likita ba ne. Sunansa Jean-Baptiste Pussin. Majemi ne, ciwo ya kwantar da shi a asibitin, da ya samu sauƙi aka ɗauke shi aiki, har ya zama shugaban masu kula da ɓangaren mahaukata. Shi da matarsa ne suke kwana suna tashi da marasa lafiyar, suka san wane ne ke da haɗari wane ne ba shi da shi, suka hana ma'aikata dukan su. Pinel da kansa bai ɓoye cewa ya koyi abu da yawa a wurinsa ba, kuma Faransawa suna ɗaukar Pussin a matsayin kakan nas-nas na wannan fanni. Likita aka zana a hoto, amma makullin a hannun mai jinya yake.

A Najeriya, abin da Turawan mulkin mallaka suka fara kawowa gidan ajiya ne. Sun buɗe ɗaya a Kalaba, sannan na Yaba a Legas a 1907, cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. A 1916 suka yi dokar mahaukata, aka sabunta ta a 1958, kuma abin da ya dami dokar shi ne yadda majistare da likita za su sa hannu a tsare mutum. Warkewa ba ta cikin lissafi. A nan Arewa abin ma bai kai haka ba. Wanda ya gagari danginsa gidan yarin En'e ake kai shi, ya zauna maƙwabcin ɓarayi da masu kisan kai, yari da yaransa su ne masu jinyarsa. Gwamnatin mallaka ta ɗauko masana sun zagaya sun rubuta rahoto, Cunyngham Brown a 1936, Carothers a 1955, duk sun ga halin da ake ciki, gyaran dai ya yi ta jan ƙafa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da sojojinmu daga Bama, wasu kansu ya taɓu, a 1944 aka mai da wani gidan yari a Lantoro da ke Abeokuta wurin ajiye su. Daga nan asibitin Aro ya samo asali, za mu dawo kansa.

Maganin da ya sauya al'amarin kuwa, ba ma don hauka aka nemo shi ba. A Disambar 1950 wani masanin haɗa magunguna, Paul Charpentier, na kamfanin Rhône-Poulenc a Faransa, ya haɗa wani sinadari daga dangin Phenergan ɗin nan da muka sani. Wani likitan tiyata na sojan ruwa, Henri Laborit, yana neman abin da zai kwantar wa mutum da jiki kafin a shiga da shi fiɗa. Da ya gwada sai ya ga abin mamaki: mutum yana farke, yana jin ka, amma fargaba ta tafi, ko a jikinsa. Ya dinga damun likitocin ƙwaƙwalwa su gwada. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka fara ba marasa lafiya a asibitin Sainte-Anne na Paris. Sunan maganin kulofuromazin, amma duniya ta fi sanin sa da sunan kasuwa, Largactil, wanda a bakinmu ya koma lagatil.

Masu tarihin magani sun ruwaito cewa da farko ana haɗa allurar da ƙanƙara, a jera wa maras lafiya a jiki, don an ɗauka sanyaya jikin ne ke aiki. Da ƙanƙara ta yi ƙaranci sai nas-nas ɗin ɗakin suka ci gaba da yin allurar ita kaɗai, kuma su ne suka lura sakamakon bai canza ba. Ɗakunan da a da ihu ke hana maƙwabta barci suka yi tsit. A Amurka, inda aka fara sayar da shi a 1954 da sunan Thorazine, mutanen da ke kulle a asibitocin mahaukata na jihohi sun kai kusan 560,000 a 1955, kuma daga wannan shekarar adadin ya kama sauka. Sai dai Amurkawa sun yi wani ganganci: sun sallami mutane da ƙwaya a aljihu, ba su tanadi isassun masu bin su gida ba. Da yawa sun ƙare a bakin titi ko a kurkuku. Wannan darasin namu ne, mu riƙe shi.

Wani ɗan ratse. A shekarar 1952 ɗin dai aka fitar da wani sinadari, rezafin, daga saiwar wani icce da Indiyawa suka daɗe suna ba masu taɓin hankali. Ɗan'uwan iccen nan yana fitowa a kudancin Najeriya, Yarbawa suna kiran sa asofeyeje, kuma masu maganin gargajiyarsu sun daɗe suna dafa saiwarsa don wannan aikin. Wani likita da ya yi aiki a Aro, Raymond Prince, ya yi rubutu a kai a 1960. Wato ba duk abin da ke cikin tukunyar mai magani ne shirme ba. Inda gizo ke saƙa shi ne awo: kofi ɗaya na yau ba ƙarfinsa ɗaya da kofi ɗaya na gobe ba, kuma in ya kayar da mutum babu mai gwada masa jini.

To, Aro. A 1954 Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abeokuta, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, ya dawo daga karatu a Ingila ya tarar ginin asibitin bai ƙaru ba. Maimakon ya zauna jira, sai ya je wurin masu unguwannin ƙauyukan da ke kewaye ya nemi a ba marasa lafiya hayar ɗakuna a gidajen mutane. Sharaɗinsa ɗaya: kowane maras lafiya ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko kawu, mai dafa masa abinci da wanki. Da safe su je asibiti a ba da magani, da yamma su koma cikin gari su zauna da jama'a. Nas-nas kuma suna cikin ƙauyen dare da rana. Har masu maganin gargajiya ya jawo ya yi aiki da su. Duniya ta zo kallo, a 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta, shi kuma Lambo daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A ganina babu wani tsari da ya dace da mu irin wannan, domin Bahaushe dama ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Majinyaci da tabarmarsa da fulas ɗinsa dama suna nan, ba sai an roƙe mu ba. Abin da Lambo ya ƙara shi ne nas wanda ya san maganin, yana kusa.

Me ya sa sai nas na kusa? Sai mun duba yadda maganin ke aiki. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, ɗan aike ne tsakanin jijiyoyi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna a 1963 cewa magungunan nan tare hanyar ɗan aiken suke yi, kuma ya samu kyautar Nobel a 2000 kan binciken dofamin. In saƙon ya yi yawa a wani sashe, sai mutum ya fara jin muryar da babu mai ita, ko ya haƙiƙance ana bin sa. Magani ya rage saƙon, muryoyi su lafa. Amma dofamin ba aiki ɗaya yake yi ba. Shi ke daidaita motsin gaɓoɓi, shi ke riƙe da linzamin ruwan nono. Magani kuwa bai iya tare hanya ɗaya ya bar sauran ba. Yawancin illolinsa daga nan suke, kuma a nan karatun nas na wannan fanni ya taru.

Illar da ta fi cutar da mu ita ce ta kwanakin farko. An ba mutum haloferidol, wanda Paul Janssen ya haɗa a Beljiyam a 1958 ake sayar da shi da sunan Haldol, ko an yi masa lagatil mai yawa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai wuya ya murɗe gefe guda, idanu su kakkafe sama, harshe ya fito, muƙamuƙi ya ƙi rufuwa. Ta fi kama samari. Don Allah ku faɗa mini, wace uwa ce a Kanya za ta ga ɗanta a haka ta ce illar magani ce? Na taɓa ganin wannan a kan wani matashi a danginmu, kwana biyu da dawowa daga asibiti. Kafin a ce kwabo gida ya cika, kowa na cewa mutanen ɓoye ne suka fusata don an kai shi wurin likita. Wata dattijuwa har ta tattara ƙwayoyin za ta zuba a masai. Allah Ya kawo wani malamin asibiti mai ritaya, ya dube shi sau ɗaya, ya yi masa allura, kafin a idar da sallar isha'i wuya ya saki. Da babu shi, da an jefar da magani, da ciwon ya dawo bayan wata biyu ko uku, da yanzu wataƙila yaron yana cikin mari ana cewa asibiti ya gaza. Magana ta minti biyu a ranar sallama, "in kun ga kaza kada ku tsorata, ku dawo da shi", ita ce ta isa ta hana duk wannan.

Ga inda Exol ta shigo. Asalinta maganin ciwon karkarwa ne irin na tsofaffi, ana kuma sayar da ita da sunan Artane. Ana ba mai shan maganin taɓin hankali ita don ta saki jijiyoyin da maganin ya ɗaure. In aka sha da yawa tana sa maye da gane-gane, shi ya sa 'yan shaye-shaye suka gano ta. Ra'ayina a nan a fili yake: a tsaurara, kada kemis ya sayar sai da takardar likita, a kama masu shigo da ita katan-katan. Nas ma kada ya riƙa ba kowa da kowa ita ko da buƙata ko babu, kuma ya ƙirga abin da ya bayar, don wani ƙanin maras lafiyar ne ke kwashewa. Amma haramta ta gaba ɗaya hukunta maras lafiya ne da laifin ɗan ƙwaya.

Akwai wata illar mai yaudara. Mutum ya kasa zama, ya yi ta kai-komo, ƙafa na rawa, yana cewa jikinsa ba daɗi. Wanda bai sani ba sai ya ce ciwon ne ya tashi, a ƙara magani, ƙarin kuwa shi ke ƙara abin. Akwai kuma daskarewa: fuska ba walwala, tafiya ɗaɗɗaure, hannu na karkarwa, yawu na zuba. Wannan ce ta ɓata wa asibiti suna a ƙauyukanmu, har ake cewa "in ka kai shi allurar kashe jiki za su yi masa". Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. In aka ɗirka wa mutum magani fiye da kima don kawai a huta da shi, to an mai da shi turu ne, sai dai wannan turun ba a ganin sa a ƙafa. Gyaran shi ne a rage awo ko a canza magani, kuma ba mai yin haka sai wanda yake ganin maras lafiyar a kai a kai. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kuma, ana duba bakinsa da harshensa, don akwai wani motsi kamar tauna da ke zuwa a hankali, wanda in an bar shi ya zauna ba lalle ya tafi ba.

Mai kisa ita ce wadda ba ta cika faruwa ba: zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare, gumi, ruɗewa. A wurinmu, musamman a bazara, kowa sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro zai fara kawowa a ransa. Duk mai shan waɗannan magunguna da ya yi haka, a tsayar da maganin a garzaya babban asibiti, kuma a tafi da kwalin a nuna. Lagatil kuma yana saukar da jini in mutum ya miƙe da sauri, ya ga jiri ya faɗi, yana sa fata ta ƙi jure rana, yana rage wa jiki iya jure zafi. Likitan Paris bai yi tunanin manomin da zai wuni a gonar gero ko riɗi a Babura ba. Nas ɗinmu ne zai ce masa ya sa malafa, ya yawaita shan ruwa, ya tashi a hankali. Haka batun azumi: yawancin magungunan nan ana iya mai da su na dare, amma da shawarar wanda ya rubuta, ba mutum ya ajiye su wata guda ba.

Kafin ma a kai ga magani, ba duk sambatu ne hauka ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, taifot, sanƙarau, faɗuwar suga, duk suna sa mutum ya ruɗe ya yi ta surutai. Nas na ƙwarai ma'aunin zafin jiki yake fara ɗauka kafin sirinji.

An samu sababbin magunguna daga baya. Kulozafin ya fi kowanne ƙarfi ga wanda sauran suka gaza a kansa, amma a 1975 ya kashe mutum takwas a ƙasar Finland ta hanyar cinye ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, aka janye shi a ƙasashe da dama, sai a ƙarshen shekarun 1980 ya dawo da sharaɗin gwajin jini a kai a kai. Risferidon ya fito a 1993, olanzafin a 1996. Ba su cika murɗe wuya ba, amma kowanne da nasa. Olanzafin yana buɗe ciki, ƙiba ta zo, suga ya biyo baya, don haka sikeli da gwajin suga sun zama kayan aikin nas. Risferidon kuma yana iya tsayar wa mace da al'ada, har nono ya kawo ruwa babu ciki. Ku yi tunanin budurwa a gidan iyayenta a garinmu da wannan ya same ta ba a gargaɗe su ba. Wane zargi ne ba za a yi mata ba? Namiji kuma yana iya rasa kuzarin iyali, kuma ba zai taɓa faɗa wa likita a gaban ƙaninsa ba. Shiru zai yi ya daina sha. Sai nas da ya saba da shi, ya ja shi gefe ya tambaye shi.

Daina shan ba halin Bahaushe ba ne kawai. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2005, a kan mutum kusan 1,500, kashi 74 cikin ɗari sun bar maganin da aka ɗora su a kai kafin wata 18. Mu kuma namu dalilan sun fi nasu yawa. Barcin da mutum ke samu a daren farko ba shi ne warkewa ba, ainihin aikin maganin sai an yi makonni. In kuma ya warware ya koma kasuwa, sai kowa ya ce ai ya warke, a bar ɓarnar kuɗi, alhali ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla shekara guda bayan lafawar ciwon farko, wasu ma fiye da haka nesa. Wannan ya sa tun shekarun 1960 aka ƙirƙiro allura mai daɗewa a jiki, irin su Modecate, wadda ake yi duk mako biyu zuwa huɗu, mu muke ce mata allurar wata. A Ingila allurar nan ta taimaka wajen fito da nas-nas daga asibiti zuwa unguwanni, suna bin mutane gida da jaka da littafin suna. Allurar wata ba ta buƙatar babban gini. Tana buƙatar mai yi, da kati, da wanda zai lura cewa wane bai zo ba.

Yanzu mu dubi namu. Mutanen Kano in suna tsokana sukan ce "sai Dawanau", mu kuma a nan "a kai shi Kazaure". Asibitin masu taɓin hankali na Kazaure arziki ne a ƙofar gidanmu da yankuna da yawa ba su da irinsa. Bayan shi sai Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, sai na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma jirgi na ta kwashe su zuwa waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 yana da nau'in ciwon nan mai daɗewa, mai sa jin muryoyi. Ka yi lissafi da kanka: gari mai mutum 3,000, kusan goma ke nan. Ban da matan da kansu ke juyewa bayan haihuwa, 1 zuwa 2 cikin kowace haihuwa 1,000, waɗanda da yawansu ake cewa iska ce ta shige su a jego, alhali ciwo ne mai jin magani sosai. Likita ba zai taɓa isar waɗannan ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, kuɗin motar mutum biyu daga ƙauyen Gwiwa ko bayan Babura zuwa Kazaure da dawowa, duk wata, ga kuɗin magani da ya hau, ya isa ya sa talaka ya ce bari a bari sai wata mai zuwa.

In wata ya zama wata uku, ciwo ya dawo, ina ake nufa? Mun gani a Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, sannan makonni kaɗan bayan haka a Daura, nan kusa da mu. Ba dukansu ne masu taɓin hankali ba, akwai 'yan shaye-shaye da kangararru, amma duk mun san irin waɗannan gidaje su ne matattarar wanda danginsa suka gaji. A Nuwambar shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi takwas da Abuja, ta tarar da mutane a ɗaure a wuraren addini na Musulmi da na Kirista, da na gargajiya, har da wasu na gwamnati. Shekara 67 ke nan bayan fitowar lagatil. An rufe gidaje, an yi ta Allah wadai, amma ba a tambayi inda iyayen za su kai 'ya'yan ba.

Takardu kam muna da su. Tun 1991 manufar lafiya ta ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2010 da ke koya wa nas da jami'in lafiya na karkara yadda zai gane ciwon, ya fara magani, ya san lokacin turawa gaba. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba maras lafiya haƙƙi ta kuma sa sharuɗɗa kan tsare shi. Amma ƙananan asibitoci a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, don haka Dutse za mu fuskanta da maganar, ba Abuja ba.

Masu cewa sai an kori malamai da masu ruƙya daga harkar kuma, ban tare da su. Ba za su koru ba, kuma wurinsu ake fara zuwa. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada wata hanya a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, aka buga sakamakon a 2020: ma'aikacin ƙaramin asibiti yana ziyartar gidan mai maganin gargajiya ko na addu'a, ya duba marasa lafiyar da ke kwance a can, ya ba da magani, mai gidan ya ci gaba da nasa. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa haka sun fi sauran samun sauƙi. Addu'a ba ta hana allura. Malamin da zai ce wa iyali "ku ci gaba da tofi, amma kada ku fasa ranar asibiti" ya fi fosta dubu amfani.

Abin da nake so 'yan majalisarmu na jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa su sa a gaba ba sabon gini ba ne. A ɗauki nas-nas daga cikin waɗanda Birnin Kudu ke yayewa, a tura su karatun ƙwarewa a wannan fanni da alawus ɗin da zai sa su zauna, a ajiye aƙalla ɗaya a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma. A ware rana guda a wata a manyan cibiyoyin lafiya na mazaɓu, irin tamu ta Kanya Babba, a daidaita ta da ranar kasuwa da mota ke samuwa, nas ɗin ya zo da allurar wata da ƙwayoyi da sikeli da na'urar gwajin jini. Magungunan nan tsofaffi, lagatil da haloferidol da allurar wata da 'yar rakiyarsu, suna cikin masu araha, a sa su cikin asusun magunguna na cibiyar kada su yanke. Kazaure ta riƙe masu tsanani da sababbin kamu, ta riƙa sallamo sauran da takarda zuwa cibiyar da ta fi kusa da gidansu. Sannan a buɗe littafi mai suna da unguwa da lambar wayar ɗan'uwa, wanda bai zo ba a kira shi washegari, in ba a same shi ba a aika wa mai unguwa.